Jarrabawar shiga jami'a a Amurka: agogo da kalanda ne ke kayar da yaranmu

Yaron da ya zo Amurka da sakamakon WAEC mai kyau, ko yarinyar da ta zo daga Yamai da takardar BAC ta kammala sakandare a hannu, ba kasafai rashin ilimi ke kayar da su a jarrabawar shiga jami'a ba. Lokaci ne ke kayar da su. Akwai agogon da ke gudu a ɗakin jarrabawa, akwai kuma kalandar jami'o'i da ba ta jiran kowa.

Kafin a biya ko dala ɗaya, a zauna a rubuta makarantun da ake so, a buɗe shafin kowace a ga abin da take nema. A nan babu wata hukuma irin JAMB da ke ɗaure kowa da jarrabawa guda. Bayan annobar korona a 2020 jami'o'i da yawa sun bar wa ɗalibi zaɓi, ya aika makinsa na jarrabawar shiga jami'a, irin su SAT, ko ya bari. Jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin aika makin a 2022, su Harvard da Yale da Brown da Dartmouth suka biyo baya a 2024. Jami'ar Kalifoniya kuwa ko an aika mata makin SAT ba ta duba shi wajen ɗaukar ɗalibai. Kwalejojin shekara biyu na unguwa galibi ba sa nemansa. Dokokin nan suna sauyawa, don haka abin da ɗan maƙwabci ya yi shekara uku da suka wuce ba hujja ba ne.

SAT ɗin kanta a hannun wata ƙungiya mai suna College Board take, kuma yanzu a kwamfuta ake yin ta, ta manhajar Bluebook: ƙasashen waje sun fara a Maris 2023, Amurka a Maris 2024. Awa 2 da minti 14 ce, tambayoyi 98. Karatu da rubutu tambaya 54 cikin minti 64, lissafi tambaya 44 cikin minti 70, maki daga 400 zuwa 1600. Kowane ɓangare an raba shi biyu, kuma yadda ka yi a kashi na farko shi ke sa a ba ka kashi na biyu mai wuya ko mai sauƙi. Kada mai sauƙin ya faranta maka rai, domin makin da yake kaiwa yana da iyaka. Saboda haka kashi na farko ba wurin ɗumama jiki ba ne. Ba a rage maki don an amsa ba daidai ba, to kada a bar tambaya fayau, ko da cinke ne a yi.

Ɓangaren karatu shi ne inda nake ganin ya kamata a zuba mafi yawan ƙoƙari. Ka lissafa: tambaya ɗaya ba ta wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba, kuma kowace da nata ɗan sakin layi, wannan kan tsuntsaye, na gaba kan tarihin wata ƙabila, na gaba waƙar wani mawaƙin ƙarni na 19. Mu an tashe mu a kan hadda da rubuta doguwar amsa, abin da ke da amfaninsa, amma a nan ba a tambayar abin da ka sani. Ana tambayar abin da rubutun da ke gabanka ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Yaro mai ƙoƙari yakan zaɓi amsar da ya san gaskiya ce a duniya, alhali marubucin bai faɗe ta ba, sai ya faɗi. Maganinsa karatu kullum, ko da na rabin awa, a jarida ko littafi, katin laburaren unguwa kuma kyauta ne. Sai ƙa'idojin waƙafi da waƙafi mai ruwa da ruwa biyu; waɗannan ana iya ƙware su cikin 'yan makonni, makinsu ya fi kowane arha.

Lissafi ya fi zuwa mana da sauƙi. Yawancinsa aljabara ne, kuma an yarda da kalkuleta tun daga farko har ƙarshe, akwai ma ta Desmos a cikin manhajar, mai zana hoton lissafi. A koyi aiki da ita tun a gida. Abin da ke rikita sabon zuwa shi ne awo: ƙafa, inci, mil, galan. 'Yan makarantar Faransanci kuma su tuna cewa inda suka saba sa waƙafi a 3,5 a nan ɗigo ake sawa.

Ba na ba kowa shawarar ya fara da biyan mai koyarwa. Bluebook na da cikakkun jarrabawowin gwaji kyauta, shafin koyarwa na Khan Academy ma kyauta ne. A yi gwaji ɗaya da agogo, da safe, waya a wani ɗakin, sannan a bi kowace tambayar da aka faɗi a gano dalili. Iyaye, taimakonku a nan shi ne shiru a gida na awa biyu da rabi, ba aike ba sallama.

Ɗan da ke sakandare a nan, aji 11 ko 12, ya je wurin malamin shawara na makarantarsu ya tambayi takardar yafe kuɗin rajista. Ana ba 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, tana biyan jarrabawa sau biyu. Ba bara ba ce, haƙƙi ne, kuma kunya ta sa da yawa ba su tambaya. Wanda ba shi da laftof, College Board na ba da aro, amma sai an nema aƙalla kwana 30 kafin ranar.

Sai maganar suna. Idan fasfo ya ce Muhammad, kada a yi rajista da Mohammed ko Mamman. Idan sunan mahaifi ne a gurbin sunan iyali, haka za a rubuta. Masu tsaron ƙofa takarda suke dubawa, kuma suna iya mayar da ɗalibi gida. Hijabi ba matsala ba ne a hoton rajista muddin fuska na fili.

Jarrabawar Turanci daban take. Wasu jami'o'i na yafe wa 'yan Nijeriya da Gana, wasu ba sa yafewa, ɗan Nijar ko Cadi kuwa ya sa a ransa zai yi. TOEFL da IELTS su ne sanannu. Ta Duolingo a gida ake yin ta cikin kusan awa ɗaya kuma ta fi su arha, sai dai a tabbatar makarantar na karɓa. Dukansu shekara biyu sakamakonsu ke aiki, don haka yin su da wuri sosai asara ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu neman gurbi da wuri yawanci 1 ga Nuwamba ake rufe musu, sauran kuma farkon Janairu, sakamakon SAT na ɗaukar kimanin mako biyu. Mai son shiga jami'a a Agusta ya yi ta farko a bazarar shekarar da ta gabata, Maris ko Mayu ko Yuni, ya bar Agusta ko Oktoba don gyara, tunda jami'o'i da dama na haɗa makin da ya fi yawa a kowane ɓangare daga zama daban-daban. A duba kalandar Musulunci ma kafin a zaɓi rana: ta 8 ga Maris 2025 cikin azumi ta faɗo, kuma ƙarfe 8 na safe ake rufe ƙofa.