Kurakuran masu ƙaura tsakanin iPhone da Android

Duk wanda ya zo mini da kukan ya canza waya komai ya ɓace, tambayata ɗaya ce: ina tsohuwar? Amsar ba ta cika sauyawa ba. An goge ta, an sayar, ko an ba ƙani. Na gaji da jin haka.

Mutane sun ɗauka da an kwashe hotuna da lambobin jama'a an gama da tsohuwar waya, alhali ita ce mabuɗin sauran ƙofofin. Apple da Google duk suna tura lambar tabbatarwa ne zuwa na'urar da suka riga suka sani. Manhajojin nan masu fitar da lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30 kuwa, da yawansu a cikin wayar suke ɓoye sirrinsu. Google Authenticator ma, ɗaya daga cikinsu, sai a 2023 ya fara ajiye kwafi a asusu, kuma har yanzu ana iya amfani da shi ba tare da hakan ba. Da ka goge wayar, lambobin sun tafi.

Na ɗanɗana wannan, shi ya sa nake zafi a kai. Dare ɗaya na share tsohuwar wayata tas don murnar sabuwa. Da safe imel ɗin aiki ya ce in sa lamba, lambar kuma tana cikin abin da na share da hannuna. Ga kalmar sirri na sani sarai, ga sunana a allo, amma ba shiga. Sai cike fom da jiran amsa, aiki yana can yana taruwa. Tun daga nan ba na rabuwa da tsohuwar waya sai wata ya zagayo. Tana nan a kunne da cajinta, ina shiga kowane asusu ɗaya bayan ɗaya a sabuwar, ina rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda. Wasu na cewa na cika tsoro. Su ce.

Na biyu WhatsApp, kuma a nan ne gardama ta fi yawa. "Ai ina da ajiya!" A ina? Ajiyar Android tana Google Drive, ta iPhone tana iCloud, kuma ɗaya ba ta karanta ɗaya. Sai dai a kwashe hirarrakin kai tsaye daga waya zuwa waya. Mai komawa iPhone zai bi ta manhajar Move to iOS, wadda ta fara ɗaukar WhatsApp a 2022, amma tana aiki ne a lokacin da ake saita wayar da farko. Idan ɗoki ya sa ka riga ka saita ta har ka fara ɗaukar hoto, to sai ka goge ka soma daga farko. Mai barin iPhone kuwa ya tanadi igiyar da za ta haɗa wayoyin biyu. Don Allah kuma kada ka canza layi da waya rana ɗaya, domin kwasar tana bukatar lamba ɗaya a ɓangarorin biyu. Wace irin gaggawa ce wannan?

Hotuna ma suna da tarkonsu. Idan an kunna tsarin rage cin wuri a iPhone, abin da kake gani ƙaramin kwafi ne, na asalin yana iCloud. Tun 2021 Apple yana bari a nemi ya tura su Google Photos kai tsaye, abin da kan ɗauki kwana 3 zuwa 7. Sai dai a duba wuri tukuna: giga 15 da Google ke bayarwa kyauta haɗe yake da Gmail da Drive, in ya cika wasiƙu su daina shigowa.

Mai barin iPhone, kashe iMessage, tsarin saƙonnin Apple, kafin ka zare layi, in ba haka ba saƙonnin masu iPhone za su riƙa bin tsohuwar hanya kai kana zaton an share ka ne. Wanda ya manta, Apple yana da shafin cire lamba tun 2014.

Manhajar da ka saya a App Store ba ta bin ka Google Play, sai ka sake biya. Kuɗin wata-wata kuwa ba ya tsayawa don ka bar wayar, sai ka soke da kanka. Apple Watch ba ya aiki da Android, agogunan Samsung daga Galaxy Watch 4 ba sa aiki da iPhone. AirPods za su yi, amma a matsayin abin kunne na Bluetooth kawai.

Ranar da za ka miƙa tsohuwar, fita daga asusunka kafin ka goge. In ba haka ba za ta kulle a hannun wanda ya saya, kuma kai zai dawo yana nema.