Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen iskar yankan ƙarfe da injin leza

In yanka ya fara ɓaci a injin leza na faiba, hasken lezar da ke yankan ake fara zargi. Sai a rage gudu, a ƙara wuta, a wuni ana wasa da saiti, alhali sau da yawa laifin yana can bayan inji, wajen silinda ko kwamfiresa. Aikin hasken narkar da ƙarfe ne. Iskar da ke fita ta bakin nozul, wato ɗan tsinin kan inji mai ramin da haske da iska ke fita, ita ce ke kora narkakken ƙarfen ƙasa, ita ce kuma ke hana tartsatsi da hayaƙi komawa sama su ci gilashin kariya, wanda ke tsare madubin tattara haske a kan inji. Iri uku aka fi amfani da su: oksijin, naitirojin, da iskar kwamfiresa, kuma kowace da inda ake yawan yin tuntuɓe da ita.

Oksijin ta baƙin ƙarfe ce, musamman mai kauri. Ƙona ƙarfen take yi, zafin ƙunar ya taimaka wa hasken, shi ya sa ƙaramin inji ke iya ratsa faranti mai kauri da ita. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe ta da ƙarfi, ana ganin yawa shi ne kyau. Farantin da ya kai milimita 10 zuwa 20, abin da yake so a bakin nozul bai wuce rabin bar zuwa bar ɗaya ba (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsin iska). In ta wuce haka, ƙunar ta fi ƙarfin hasken: tsagar ta yi faɗi, gefen ya yi zane-zane masu zurfi, kusurwoyi su cinye kamar ɓera ya gwaguya. Tsabtarta ma kada ta gaza kashi 99.5 cikin ɗari, kuma ɗan gurɓata kaɗan ya isa ya rage gudu ya bar kashin maƙera a ƙasan faranti. Don haka in an sauya daga naitirojin ko iskar kwamfiresa zuwa oksijin, a hura na 'yan daƙiƙoƙi tukuna, ragowar da ke cikin tiyo ta fita.

Wani abin da masu yin ƙofofi da akwatunan lantarki ke mantawa: yankan oksijin yana barin baƙin ɓawo a gefen ƙarfe. In aka fesa fenti a kansa ba a goge ba, ɓawon zai ɓantare ya tafi da fentin, tsatsa ta fara daga nan.

Naitirojin ba ta ƙonawa, turawa kawai take yi, saboda haka ƙarfi take so, daga bar 10 zuwa 20 gwargwadon kauri. Ita ake sa wa ƙarfen da ba ya tsatsa da alminiyam in ana son gefe fari tas, wanda za a yi wa walda ba sai an goge ba. Launin gefen shi ke ba da labari. In ya fito rawaya-rawaya ko ruwan ƙasa, oksijin ta shiga, ko dai tsabtar iskar ta gaza kashi 99.99, ko wani haɗin tiyo yana yoyo, ko ƙarfin ya faɗi ana tsakiyar yanka.

A nan lissafi ne ke kayar da mutane. Nozul mai faɗin milimita 2, a bar 15, yana shan kimanin kubik mita 30 zuwa 35 a awa. Silinda mai lita 40 da aka cika zuwa bar 150 tana ɗauke da kimanin kubik mita 6, kuma ba duka za a mora ba, tunda in ta sauko kusa da bar 20 ta daina amfani. Wato silinda guda yankan minti goma ce ko ƙasa da haka. In aka sa nozul mai milimita 3, shan ya ninka fiye da sau biyu, domin da girman filin ramin gaba ɗaya yake tafiya, ba da faɗin bakinsa kawai ba. Wanda ya yi wa mai kaya kuɗin aiki bai sa wannan a lissafi ba, aikin banza ya yi. Mai yanka da naitirojin kullum, ko ya haɗa silinda da yawa a layi ɗaya, ko ya koma tankin naitirojin na ruwa, ko ya sayi injin tace ta daga iska.

Sai regileta, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin iskar da ke fita daga silinda. Irin ta masu walda ba a yi ta don wannan kwararar ba. Agogonta zai nuna adadin da ake so muddin iska ba ta fita, da an fara yanka allura ta zube. A riƙa karanta agogo iska tana fita, ba tana tsaye ba. Siririn tiyo mai tsawo da lanƙwasa da yawa shi ma haka yake cinye ƙarfin kafin ya isa kan inji.

Iskar kwamfiresa ita ce mai arha, ita ce kuma ta fi lalata inji. Kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, kashi 21 oksijin, don haka tana yanka da sauri a faranti marar kauri, kamar milimita 1 zuwa 3 a inji mai kilowat 1.5 zuwa 3, sai dai gefen yakan ɗan yi duhu. Ga aikin da za a fente ko za a ɓoye gefensa, wannan ba komai ba ne.

Kuskuren farko shi ne jona kwamfiresar da ake fesa fenti ko ba taya iska da ita. Irin wannan a bar 7 zuwa 8 take tsayawa, yankan leza kuwa bar 13 zuwa 16 yake so, kuma ba tare da hawa da sauka ba. Shi ya sa ake sayen mai sukurun juyawa, wadda aka yi don dogon aiki. Kada a tsaya ga bar kawai wajen saye, a duba kubik mita nawa take bayarwa a minti a wannan ƙarfin, a kuma bar rara a kan abin da nozul mafi girma zai sha.

Na biyu, kuma mafi tsada, ruwa da mai. Kwamfiresar da ke zuƙar kubik mita ɗaya da rabi a minti, a ranar damina mai zafin digiri 30 da laima sosai, tana shigar da ruwa kusan lita 2 a kowace awa. Man da ke sanyaya ta ma yana bin iskar kamar hazo. In ɗigo ɗaya ya sauka a gilashin kariya, hasken zai dafa shi ya zama baƙin tabo, tabon ya riƙa shan zafi, saitin hasken ya goce. Alamarsa ita ce yanka ya fara da kyau da safe, bayan 'yan mintoci ya daina ratsawa. In aka yi sakaci gilashin ya tsage, datti ya haura zuwa madubin da ke tattara hasken, nan kuma kuɗi ne masu ciwo.

Jerin da ya kamata shi ne: kwamfiresa, tanki, filtar farko, na'urar busar da iska, filta mai tace har maikiron 0.01 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), sannan filtar gawayi mai kama tururin mai. Na'urar busarwa mai aiki da sanyi tana sauke iska zuwa inda ba ta zubar da raɓa sai a kimanin digiri 3, kuma ta wadatar ga yawancin aiki. Amma adadin da ke rubuce a jikinta an auna shi ne a ɗaki mai digiri 25, iskar da ke shiga tana digiri 35. A bazarar Kano ko Maraɗi, inda zafi ke haura digiri 40, ba za ta iya wannan adadin ba, don haka a sayi wadda ta fi girman da lissafi ya nuna, kuma kada a cusa ta a lungun da ba iska, kusa da janareto. Da hunturu ƙura ce ke toshe filtar zuƙa da raga mai sanyayawa, sai an riƙa hure su akai-akai.

A zubar da ruwan tanki kullum. Filtar gawayi kuma a canza ta bisa awannin da masu ita suka ƙayyade, domin ko ta gama aiki agogo ba ya nunawa. Gwaji mai sauƙi: a cire tiyon da ke shiga inji, a hura a kan farar takarda na minti biyu. Ko ɗan danshi ko tabo aka gani, kada a yanka.

Abubuwa biyu ba a wasa da su. Mai ko giris kada su kusanci regileta da tiyon oksijin, kuma tiyon da iskar kwamfiresa ta taɓa bi ba a mayar da shi na oksijin, domin mai da oksijin mai ƙarfi na kama wuta ba tare da ashana ba. Naitirojin kuwa ba ta da wari ko launi, in ta yi yoyo a rufaffen ɗaki tana kore iskar numfashi, mutum ya faɗi bai ji komai ba.

Wani lokaci iskar lafiyarta lau, nozul ne ya karkace. In gefe ɗaya na yanka yana fita sumul, ɗayan yana tara kashin maƙera, hasken ba ya tsakiyar rami. A manna salatif a bakin nozul, a harba haske kaɗan, a cire a duba: hudar ta kasance daidai tsakiyar zoben da bakin ya bari. In ta goce a daidaita da sukurorin kan injin a sake gwadawa. Nozul mai riɓi biyu na oksijin ne, mai riɓi ɗaya na naitirojin da iskar kwamfiresa, kuma tazararsa da faranti yawanci rabin milimita ce zuwa milimita ɗaya. Wanda bakinsa ya lotsa ko ya faɗaɗa, a canza shi, sannan a sake saita na'urar auna tsayi kafin a ci gaba da yanka.