Kada ku ɗaura soket ɗin tirela a ƙarƙashin bamba

'Yan'uwa masu motocin shiga daji, in za ku sa soket ɗin fitilun tirela, ku ɗaga shi sama. Ku ɗaura shi a gefen ƙugiyar jan tirela ko a jikin bamba, kada ya leƙo ƙasa.

Dalili? Duk sanda mota ta gangara kwari za ta hau tudu, gindinta ne ke fara gugar ƙasa. Dutse ɗaya ya isa ya fasa soket ɗin. Ni sai da na canza biyu kafin na gane.

Ga wani abin da ake rainawa: farar waya. A soket mai ƙafa 7 irin na Turai, ita ce ta lamba 3, wadda ke komawa jikin mota. Ku kankare fenti da tsatsa a shasi, ku ɗaure ta tamau, ku shafa giris ɗin lantarki. In ta yi sako-sako, sai ku taka birki ku ga sigina na ƙyaftawa.

Amma fa in kun ɗaga soket ɗin da yawa, wayar tirela za ta iya tsinkewa a kwana. Ku gwada juya motar har ƙarshe tukuna.

Motocin zamani masu kwamfuta kuwa, kada ku yanki wayar fitilar baya kai tsaye. Sai da akwatin rile, wato na'urar da ke kunna fitilun tirela ba tare da ɗora wa wayoyin fitilun motar nauyi ba.