Yadda ake auna ci gaba a wasan silalom na kan ruwa

1. A silalom, jirgin ruwa ne ke jan ka da igiya kana tsaye kan allo ɗaya, kana kewaye ƙwallaye dama da hagu. Fara da allon da ya dace da nauyinka. Mai kilo 75 zuwa 85 yakan hau mai tsawon inci 67. Idan allon ya yi maka ƙanƙanta zai riƙa nutsewa a kwana, hannuwanka su gaji da wuri.

2. Ɗaura igiya a mita 18.25, wato a madaukin igiyar mai launin ja. Filin yana da ƙwallaye shida masu iyo. Duk zagayen da ka kewaye shidan, direba ya ƙara gudun jirgi da kilomita 3 a awa, har ya kai 58 ga maza, 55 ga mata.

3. Sai gudu ya kai ƙarshe ake rage igiya: 16, 14.25, 13, 12, sannan 11.25. A nan aikin yake, domin kowane ƙwallo yana mita 11.5 daga tsakiyar hanyar jirgi. A 11.25 igiyar ba ta kai ƙwallon, sai ka miƙa jiki da hannu ɗaya ka cike giɓin.

4. Rubuta sakamako da yawan ƙwallayen da ka kewaye, tsawon igiya da gudu tare, misali 4 a 14.25, gudu 58. Kada ka canza allo da tsawon igiya rana ɗaya, ba za ka gane wanne ya kawo bambancin ba.