Kada ka sayar da gona kafin ka tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan shawara ce ga magidancin da ya haura shekara 40 yake tunanin kwashe iyali daga ƙauye, ko a Ringim yake ko Gwaram ko Sumaila, ya koma Legas ko Ibadan ya kafa sabuwar rayuwa.

Don Allah kada ka sayar da gonarka. Ka bayar da ita haya ko aro na damina ɗaya ko biyu, a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta a takarda, a zagaya iyakoki, har ɗorawa da kukar da ke ciki a faɗi wanda zai ci amfaninsu. Jingina kam ina tsoronta, domin sau da yawa kuɗin fansa ba ya haɗuwa, sai gona ta zauna a hannun wani har 'ya'ya su girma ba su san tasu ba ce.

Ka fara tafiya kai kaɗai bayan an kai amfani gida, kamar ɗan ci-rani. Da ka sauka, nemi Sarkin Hausawan wurin, a Sabo ta Ibadan ko Agege, ka gabatar da kanka. A can masu gida kuɗin hayar shekara guda suke karɓa a dunƙule, ga na dillali, don haka ka ware shi daban da jarinka.

Sai sana'a ta kama sannan iyali su biyo ka, da takardun canjin makarantar yara. In kana shan maganin hawan jini ko ciwon suga, Malam, tafi da katin asibitinka da maganin da zai kai ka wata biyu.