Yadda nake koyar da tafiyar amalanken Amurka a farfajiyar lakwal

Shekara tara ke nan ina koyar da tarihi a nan Tawa. Duk sadda na kawo labarin Turawan Amurka da suka yi ƙaura zuwa yamma da amalanken shanu, sai hamma ta cika aji. Ranar da na fito da yaran waje ne darasin ya shiga. Ga yadda nake yi, ko wani malami zai so gwadawa.

Fara da nisa, amma kada ka ce kilomita 3,500 ka yi shiru, ba za su ji komi ba. Ce musu hanyar Oregon, wadda ta tashi daga garin Independence a jihar Misuri zuwa yankin Oregon a can yammacin ƙasar, kamar Tawa zuwa Yamai ce sau shida, har da ɗoriya. Wata huɗu zuwa shida ake yi, kilomita 20 ko 25 a wuni. A 1843 mutum wajen 1,000 suka kama ta a ayari guda.

Daga nan ka ɗauki sanda ka zana amalanken a ƙasa: faɗi mita ɗaya da ƴan kai, tsawo wajen mita 3. Sa yara shida su shiga. Da kansu za su ce, "Mushe, ina za a kwana?" Nan za ka gaya musu ai amalanken na kaya ne. Yawancin mutane a ƙasa suke takawa gefen shanu, mata da yara duka, don katako ne bisa ƙafafu masu bakin ƙarfe, girgizarsa sai ta kwance wa mutum ƙugu.

Lodi shi ne zuciyar darasin, kada ka yi masa gaggawa. Amalanke ɗaya wajen tan guda yake ɗauka. Kowane babba ana auna masa garin alkama kamar kilo 90, ga naman alade mai gishiri (ni kilishi nake sawa a madadinsa), ga kofi, sukari da gishiri. Ina ba kowane rukuni duwatsu, kowane dutse kilo 10, su lissafa guzurin gida mai mutum biyar. Kafin su farga abinci ya cinye fiye da rabin lodin. Sannan in bar su su yi gardama kan sauran: gatari, igiya, bindiga, iri, tukunya, gado. Bara wata yarinya ta kafe sai ta tafi da keken ɗinkin uwarta. Na ƙyale ta. Da muka yi nisa na ce shanu sun rame, kowa ya zubar da kilo 200, sai ga ta tana hawaye na gaske. Haka ya faru: a kewayen Fort Laramie, wani sansani da ke kan hanyar, matafiya sun yi ta watsar da murhun ƙarfe da akwatuna a bakin hanya.

Tambaye su dabbar da za su ɗaura wa karkiya. Samari doki za su ce, kullum. Bari ɗan makiyayi ya ba su amsa: sa ya fi arha, ya fi juriya, ciyawar hanya ta ishe shi. Shi ya sa mafi yawa shanu suka zaɓa.

Lokacin tashi ma yaranmu sun fi littafi gane shi, tunda sun san jiran ruwan shuka. Ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu ake tashi, in ciyawa ta fito. Ka yi sammako, dabba ta rasa abinci. Ka makara, dusar ƙanƙara ta rufe maka duwatsu, kamar yadda ta rutsa da wani ayarin masu ƙaura da ake kira Donner a duwatsun Sierra Nevada a 1846. Shi ya sa kowa ke son kaiwa dutsen Independence Rock kafin 4 ga Yuli, alamar bai makara ba ke nan.

Zaman zango kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Da yamma ana jera amalanke a da'ira, ya zama garke. Inda babu itace a gaɓar kogin Platte, busasshen kashin ɓauna yara ke tsintowa a yi girki. Ba wanda ya taɓa yin mamakin wannan a ajina. Abin da ke ba su dariya shi ne nono: a rataya shi jikin amalanke da safe, girgiza ta kaɗa shi, da yamma a kwashi man shanu.

Ina ajiye tambaya biyu a ƙarshe. Me ya fi kashe matafiyan? Yara za su ce yaƙi. A'a, cuta ce, musamman kwalara daga gurɓataccen ruwan zango, sai haɗarin ƙetare kogi da na bindiga. Ta biyu: ƙasar wa suke ratsawa? Ta ƴan asalin ƙasar ce, ƙabilun Pawnee da Lakota da Shoshone, waɗanda sau da yawa suka yi ciniki da su, suka nuna musu mashigi, daga baya suka rasa makiyaya da farauta. Wannan ina ba ta minti 15 cif, don jikokin makiyaya da manoma ne a gabana, kuma gardamar takan bi su har bakin ƙofar lakwal.