Yadda Mai Ciwon Baya Zai Nemi Maganin Kairofiraktik

Kairofiraktik hanya ce ta danna ƙashin baya da gaɓoɓi da hannu, wadda Daniel David Palmer ya ƙirƙiro a jihar Iowa ta Amurka a 1895. Bincike ya nuna tana ɗan rage ciwon ƙugu, kusan daidai da motsa jiki, kuma a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sanya danna ƙashin baya cikin hanyoyin da za a gwada kafin magunguna.

Kafin komai, mara lafiya ya fara ganin likita domin a gano musabbabin ciwon, saboda a ƙasashenmu tarin fuka yakan kama ƙashin baya, kuma danna irin wannan ƙashi yana iya jawo shanyewar ƙafafu. Duk wanda ciwonsa ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, asibiti ya kamata ya nufa nan take. Haka ma tsofaffi masu raunin ƙashi.

Idan likita ya amince, a nemi mai takardar shaidar aiki, a faɗa masa magungunan da ake sha, musamman masu tsinka jini. A yi hattara da murɗa wuya, domin an danganta shi da yagewar jijiyar jini da shanyewar ɓarin jiki, ko da yake ba kasafai ba.

A guji mai da'awar warkar da asma ko hawan jini, don babu hujja a kai. In ciwon bai lafa ba bayan 'yan makonni, a koma wurin likita.